Tambaya: wane horon kashe gobara ya dace da ma'aikatan masana'anta, kuma sau nawa ake maimaita shi?

Ɗan Gamkalle ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da ma'aikata a wata masana'antar katifa da ke unguwar masana'antu a nan Yamai, kuma muna da tankin gazuwal na injin ba da wuta a bayan ɗakin ajiya. Kamfanin inshora ya ce ba zai sabunta mana yarjejeniya ba sai mun kawo shaidar cewa ma'aikatanmu sun sami horon kashe gobara. Masu ba da horo biyu sun kawo takardunsu. Ɗaya tsarin Faransa yake bi, yana maganar matakan ma'aikata biyu, EPI da ESI, ɗayan kuma ya ce ƙa'idojin NFPA, ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, yake koyarwa, kuma kuɗinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wanne ya dace da wuri irin namu, su wa za a horar, kuma horo ɗaya ya wadatar?

Tsohon Pompiye ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka zaɓi mai horo, ku zauna da maigidanka ku yanke magana ɗaya: me kuke so mutanenku su yi idan wuta ta tashi, kuma a ina aikinsu zai tsaya? Tsarin Faransa da na Amurka duk a kan wannan tambaya aka gina su. EPI ma'aikaci ne na yau da kullum wanda ya iya buga ƙararrawa, ya kira lamba 18 ta 'yan pompiye masu kashe gobara, ya fitar da mutane, ya kuma tunkari wuta da tukunyar kashe gobara tun tana ƙarama. ESI kuwa zaɓaɓɓu ne da likita ya duba lafiyarsu, masu jan tiyo da sanya kayan kariya. Kundin NFPA 600 ma haka ya raba aikin, tsakanin masu kashe wuta a farkonta, da masu yaƙar babbar wuta daga waje, da masu shiga cikin ginin da ke ci, yayin da NFPA 1081 ya fayyace abin da kowane mutum zai nuna da hannunsa kafin a ce ya cancanta.

A wurinku sai a yi hattara ƙwarai, domin soson katifa yana kamawa da sauri, kuma baƙin hayaƙinsa yana ɗauke da guba, har da sayanaid, wanda ke kayar da mutum tun harshen wuta bai iso gare shi ba. Ba mai shiga irin wannan hayaƙi sai da na'urar numfashi. Butalin iska mai lita 6 da aka cika zuwa matsin bar 300 yana ɗauke da iska kusan lita 1,800, wadda a lissafin takarda take kai minti 45, amma ƙato mai jan tiyo cikin zafin watan Afrilu yana iya shanye ta cikin rabin wannan lokaci. Idan ba ku da halin sayen waɗannan na'urori da kula da su, kada ku kafa ƙungiyar shiga wuta da suna kawai. Ku horar da kowa a mataki na farko, ku bar mana sauran.

Kuma matakin farkon ma ba a zaune a aji ake koyon sa ba. Tukunyar hoda mai kilo 6 ba ta wuce 'yan daƙiƙu goma sha take ƙarewa. Wanda bai taɓa riƙe ta ba yakan matse hannun tukunyar tun bai zare ƙusar ba, sai ƙusar ta cije, ya tsaya yana fama da ita. Idan ta fita kuma ya fesa wa harshen wuta a sama maimakon gindinta, ko ya tsaya inda iska ke maido masa hodar a fuska. Sai mutum ya yi da kansa a gaban wutar gaske, ƙofa a bayansa, sannan hannunsa yake sabawa.

Hajiya daga Tawa ta amsa:

Baba ya gama magana a kan matakai, ni kuma zan taɓa batun maimaitawa, tun da aikin kiyaye haɗurra nake yi a wata masana'anta a jihar Tawa. Dokar ƙwadago ta Faransa ta ce a yi atisaye aƙalla duk wata shida. Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da tsaro da lafiyar ma'aikata, ta ce a horar da ƙungiyar kashe gobara aƙalla sau ɗaya a shekara, masu shiga cikin gini kuma duk wata uku, sannan a duba tukwane da ido kowane wata, gwani ya duba su kowace shekara. Waɗannan dokokin wasu ƙasashe ne, ba su hau kanmu ba, amma ma'auni ne mai kyau. A namu ɓangaren, kundin dokar ƙwadago na 2012 ya wajabta kafa kwamitin tsaro da lafiya a wurin da ke da ma'aikata 10 ko fiye, kuma wannan kwamiti ne ya kamata ya riƙe jadawalin horon. Ka tuntuɓi ofishin sufeton ƙwadago domin abin da ya shafi takardunku.

Malam, kada ku cakuɗa tsarin biyu ba tare da lura ba. A tsarin Turai harafin C na rabe-raben gobara yana nufin gobarar gas, a na Amurka kuwa yana nufin kayan lantarki masu wuta a jiki. Ku duba abin da ke rubuce a jikin tukwanenku, ku sa a koyar da shi. Haka nan idan wani ya zo muku da takardar SSIAP, ku sani an tsara ta ne domin wuraren taruwar jama'a da dogayen benaye, kamar otal da asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne su wa ake kaiwa horon. Sau da yawa shugabannin sassa ne ke zama a ɗaki mai sanyi ana yi musu bayani da Faransanci, alhali mai gadin dare, da 'yan dako, da mai walda da aka ɗauko aikin kwana biyu, su ne ke kusa da wuta ranar da za ta tashi. A yi horon da Hausa da Zabarmanci, kuma a yi atisaye ɗaya da dare ba tare da an sanar da kowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Sitan ya amsa:

Ina ganin an yi saurin wuce tankin gazuwal ɗin. Ruwa ba ya kashe mai, ɗaukar sa yake yi ya baza shi, saboda haka kuna bukatar kumfa da katangar da za ta tare man idan tankin ya zuba. Kuma horon NFPA ba abin rainawa ba ne. Matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, ko babbar ma'ajiyar mai, dole ne su sami ƙungiya irin wannan. Sai dai tanki ɗaya na injin wuta bai kai nan ba.

Abu biyu nake so a saka a horonku. Na farko, korar 'yan kallo: mutanen Yamai ba su manta da motar mai da ta kife kusa da filin jirgin sama a watan Mayun 2019 ba, inda fiye da mutum 50 suka rasu, yawancinsu waɗanda suka matso kwasar mai. Na biyu, ku gayyaci 'yan pompiye su zaga masana'antar tun lafiya lau, su san abin da kuka ajiye da inda za su sami ruwa. A tashar jiragen ruwa ta Beirut, ranar 4 ga Agustan 2020, ayarin farko na masu kashe gobara ya isa wurin ba tare da sanin abin da ke cikin ɗakin ajiyar ba, kuma babu wanda ya tsira a cikinsu.

Ɗan Gamkalle ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan mu ɗauki mai tsarin Faransa, a horar da kowa a matakin EPI. To, Baba, me zan nema a rubuce daga gare shi?

Tsohon Pompiye ya amsa:

Ka fara neman kamfanin inshorar ya rubuto maka irin shaidar da zai karɓa. Shi kuma mai horon ya rubuta cewa kowane ma'aikaci zai fesa tukunya a kan wutar gaske, a cikin harabarku, nesa da ɗakin soso, kuma cika tukwanen da aka yi amfani da su yana cikin kuɗin. Ya bar muku rajista mai sunan kowa da ranar horonsa, ya kuma sa ranar da zai dawo bayan wata shida, wadda za ta haɗa da 'yan aikin dare.