Don Allah a taimaka min da fairubet, jarrabawa saura kwana huɗu

Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wallahi kaina ya kulle. Tun farkon zango ban samu natsuwa ba, sati uku na yi ina jinyar mahaifiyata, kafin in dawo an wuce gilaikolisis, wato yadda ƙwayar halitta ke farfasa sukarin gulukos ya zama sinadarin fairubet. Ɗalibar da na ari littafinta kuma ita ma ba kullum take shiga aji ba. A gwaji na rubuta cewa fairubet ba ya zama laktet (sinadarin da tsoka ke fitarwa da yawa in tana aiki tuƙuru) sai in babu oksijin, malam ya ja min jan biro bai ce uffan ba. Matakan gilaikolisis goma duk na haddace, amma da na iso kan fairubet sai hanya ta rarrabu in rasa ta bi. Ya zan yi?

Tsohon ɗalibi: Ƙanwata, haddar ce ta cuce ki. Ƙwayoyin zarra na kabon da ke cikin kowane sinadari za ki ƙirga. Gulukos na da shida, ya rabu ya ba da fairubet biyu masu uku-uku, da ribar ATP biyu (makamashin da ƙwayar halitta ke amfani da shi) da NADH biyu (mai dakon ilektron). In fairubet ya shiga maitokondiriya, sashen ƙwayar halitta mai samar da makamashi, sai kabon ɗaya ya fita a iskar CO2, biyun su tafi a sinadarin asetil-CoA, daga nan kuma babu komowa baya. Amsarki kuwa malam ya fi ki gaskiya. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da maitokondiriya, kullum laktet suke yi alhali su ne masu dakon oksijin. Amfanin yin laktet shi ne a mayar da NADH ya koma NAD+, wanda gilaikolisis ke buƙata don ya ci gaba.

Wata 'yar'uwa: Gara ke an ja miki biro. Namu malamin har muka gama zango ko takarda ɗaya bai dawo mana da ita ba, sakamako kawai muka gani a bango.

Wani mamba: Yallabai, kwana huɗu fa ta ce. Sunaye ake tambaya. Ki haddace bitamin B1 a hanyar asetil-CoA, bitamin bayotin a hanyar da fairubet ke zama sinadarin okzalo'asetet, shi ke nan.

Tsohon ɗalibi: Irin wannan shawarar ce ta kai ta ga jan biro. Idan aka tambaye ta yadda hanta ke mayar da laktet fairubet har ya koma gulukos fa?

Ɗaliba: Ni fa Yaya ba haddar aku nake ba, yadda na rubuta haka yake a littafin da na ara. Kuma da haddar na ci jarrabawar bara. Wannan na hantar ma an yi shi a aji ne?