Yadda Masu Alƙalancin Giya Ke Auna Giyar Sierra Nevada

A tattaunawar masu ɗanɗanon giya kan kamfanin Sierra Nevada, wanda ya fara dafa giya a garin Chico na jihar Kalifoniya a 1980, bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: a fara da mai sauƙi. Cikin giyoyin kamfanin, Pale Ale, mai ƙarfin barasa kashi 5.6 cikin ɗari, ita ke buɗe fage. Bigfoot mai kashi 9.6 sai can ƙarshe, don ɗacinta na mamaye harshe, duk abin da ya biyo baya sai ya zama lami.

Sun fi daɗewa kan ƙamshi, kuma da gaskiyarsu. A takardar makin BJCP, ƙungiyar da ke tantance alƙalan giya, ƙamshi na da 12 cikin 50, kamanni kuwa 3 kacal. Shi ya sa suka ce a zuba a kofin gilashi, a juya shi kaɗan, a shinshina nan take tun kumfa bai kwanta ba. Sanyin ƙanƙara ma yana danne ƙamshin lemun da furen Cascade, wani nau'in furen hop da ake sa wa giya, ke bayarwa.

Kan tsohuwar kwalba ne aka rabu. Wasu na ajiye Bigfoot shekaru don ta nuna, wasu sun fi son sabuwa. Pale Ale dai sabuwa ake so, don haka a duba ranar da aka cika ta.