Muhawara: Shin a bar wa na'ura ƙulla haɗi tsakanin VPC baki ɗaya, har da amincewa?

Injiniyan Samaru: Assalamu alaikum. Ina so in ajiye wata magana a wannan zaure namu, kuma na san ba kowa zai karɓe ta ba. Ra'ayina shi ne, duk wanda yake kula da keɓantattun hanyoyin sadarwa da muke kira VPC a girgije, wato na'urorin da ake haya ta intanet, kuma har yanzu yana ƙulla haɗi tsakaninsu da hannu, to yana ɓata lokacinsa, yana kuma jefa wurin aikinsa cikin haɗari. Ya kamata rubutun umarni ya ɗauki aikin tun daga farko har ƙarshe, wato neman haɗi, da amincewa da shi, da gyara teburin hanyoyi da yake nuna wa saƙo inda zai bi, ba tare da an jira wani mutum ya danna komai ba.

Dalilina lissafi ne. Haɗin da AWS, sashen girgije na kamfanin Amazon, ya fito da shi a 2014 tsakanin VPC biyu yake tsayawa, ba ya tsallakawa zuwa na uku. Idan na ɗaya ya haɗu da na biyu, na biyu kuma ya haɗu da na uku, na ɗaya ba zai isa ga na uku ba sai an ƙulla musu nasu daban. Saboda haka mai VPC 12 da yake so kowanne ya ga kowanne zai buƙaci haɗi 66, kuma tunda kowane haɗi yana buƙatar a rubuta hanya a ɓangarorin biyu, aƙalla layi 132 ke nan. Mai 20 kuwa haɗi 190 ne a gabansa. Wane ɗan adam ne zai yi wannan bai yi kuskure ba?

Ɗalibin Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Injiniya, ni dai ina bayanku, domin na ɗanɗana. A inda nake koyon aiki na yi kwana biyu ina neman abin da ya hana na'urori biyu magana, alhali shafin yana nuna haɗin yana aiki, ashe hanyar dawowa ce ba a rubuta ba a ɗaya ɓangaren. Wani karon kuma mun aika buƙata ana gobe hutun Babbar Sallah, wanda zai amince ya tafi garinsu, kafin ya dawo kwana bakwai sun cika, buƙatar ta mutu, sai da muka sake daga farko.

Hajiyar Sabon Gari: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka ɗaure abubuwa biyu da igiya ɗaya. Rubuta hanyoyi aikin na'ura ne, ban yi gardama ba. Amincewa kuwa wani abu ne daban. Ba a banza aka raba aikin gida biyu ba, mai nema da mai karɓa. A wurin ɗaurin aure wakilin ango ne yake nema, waliyyin amarya yake bayarwa, kuma jama'a suna zaune ne don su shaida cewa ɓangarori biyu ne suka yi magana. Abin da kake kira sauƙaƙawa shi ne a ba mutum ɗaya rawani biyu, ya nema da bakinsa, ya juya ya bayar da bakinsa.

Ku duba yadda Terraform kansa, shirin da ake rubuta irin wannan umarni da shi, yake yi. Amincewar nan take tana aiki ne kawai idan VPC ɗin biyu suna cikin asusu ɗaya da yanki ɗaya. Da zarar asusun ya bambanta, dole a rubuta wani sashe na musamman na mai karɓa, wanda yake aiki da makullin ɗaya asusun. CloudFormation, takwaransa na AWS, shi ma sai an ba shi izini daga asusun da ake nema. Ma'anar wannan ita ce, injin da yake gudanar da rubutunka yana riƙe da makullan gidaje biyu, ko goma sha biyu, kuma duk wanda ya sami damar canza layi ɗaya a rubutun ya sami damar huda katangar kowane gida.

Injiniyan Samaru: Hajiya, da girmamawa, amincewa kaɗai ba ta buɗe komai. Ko an karɓi haɗin, ƙwayar bayani ɗaya ba za ta wuce ba sai an rubuta hanya, sannan sai dokokin tsaron kowace na'ura sun yarda. Ƙofofi uku ne a jere. Kin tsaya a kan ta farko kamar ita kaɗai ce.

Hajiyar Sabon Gari: Ƙofofi uku ne, amma ai kai ne ka ce rubutu ɗaya ya buɗe su duka. Bari in ba ku abin da na gani da idona a wani kamfani da na yi wa aiki, ba zan ambaci sunansa ba. An rubuta wani ɗan shiri da yake karɓar duk buƙatar da ta fito daga asusun cikin gida, ya kuma rubuta hanya zuwa dukkan adireshin ɗaya ɓangaren, ba zuwa ƙaramin sashen da ake buƙata ba. Dokar tsaron rumbun bayanai kuma, tun zamanin da VPC ɗaya ne kawai, an bar ta tana karɓar duk adireshin da ya fara da 10. Wata rana wani yaro mai ƙwazo ya nemi haɗi daga wurin gwaji, shirin ya karɓa cikin ƙiftawar ido, sai ga manhajar gwaji tana rubutu a cikin bayanan abokan ciniki na gaskiya. Babu ɓarawo, babu mai mugun nufi, kowane sashe ya yi abin da aka umarce shi. Da buƙatar ta tsaya a gaban mutum ko na minti biyar ne, da ya tambaya me wurin gwaji yake nema a rumbun kuɗi. Kada kuma mu manta cewa tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma ranar da hukuma ta zo tambaya, ba rubutun umarni za ta kira ba.

Sannan maganar ƙofofi uku ta AWS ce. A Google Cloud kowane ɓangare yana ƙirƙirar nasa rabin haɗin, kuma da zarar rabi biyun sun cika, hanyoyin sassan cikin gida suna musayar kansu, babu wanda yake rubuta su. A Azure na Microsoft ma hanyoyin suna shiga da kansu. A can ƙofa ta biyu babu ita.

Malamin Kongo: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Hajiya, labarinki yana da nauyi, amma ina ganin hukuncin da kika ciro daga cikinsa ya fi ƙarfinsa. Laifin yana ga dokar tsaron da aka bari a buɗe da kuma shirin da ba a gindaya masa sharaɗi ba. Mutumin da kike so a tsayar, idan buƙata ta uku ce a wata zai karanta ta, idan ta talatin ce a mako zai danna ne kawai yana shan shayi. Duk wanda ya taɓa sa hannu a tarin takardu a ofis ya san inda hankali yake tsayawa.

Tarihi kuma ya ba kowannenku abin riƙewa. A ranar 28 ga Fabrairu 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren rubuta umarni ɗaya da hannu, ya cire na'urori fiye da yadda aka nufa, rumbun ajiyar bayanai na S3 na yankin Birjiniya ya tsaya na sa'o'i, shafuka masu yawa suka tsaya tare da shi. Wannan hujjar Injiniya ce. A ranar 4 ga Oktoba 2021 kuwa Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kimanin sa'a shida, mu ma a nan Zariya muka koma kiran waya, kuma bayanin kamfanin shi ne, an ba da wani umarni lokacin gyara, manhajar da aka ɗora wa tantance irin wannan umarni tana da aibi, ba ta tare shi ba. Wannan hujjar Hajiya ce, domin mai gadin ma na'ura ne, kuma ya yi barci.

Abin da nake gani shi ne a ɗauke amincewar daga maɓallin da ake dannawa, a mayar da ita kan rubutun. Mai nema ya rubuta layinsa, mai gidan da ake nema ya karanta abin da Terraform ya nuna zai canza, ya sa hannu, sannan injin ya aiwatar. Waliyyi yana nan, sai dai a takarda yake magana, kuma takardar tana zama shaida bayan shekara biyar.

Injiniyan Samaru: Allah ya gafarta Malam, idan haka ne ai an dawo da jiran mutum ta bayan gida. Wanda ya tafi hutun Sallah ba zai danna maɓalli ba, ba kuma zai karanta rubutu ba.

Malamin Kongo: Sai a naɗa mutum uku, ɗaya ya isa. Rubutu kuma ba ya mutuwa bayan kwana bakwai.

Dattijon Tudun Jukun: 'Ya'yana, ku yi mini haƙuri in karkata kaɗan, domin ina ganin kuna gardama a kan wanda zai ɗaure igiyoyi 66, ba ku tambayi ko ana buƙatar igiyoyin ba. Wanda zai tafi Kano ko Kaduna ko Funtuwa daga garin nan, mahaɗar Kwangila yake nufa, ba a shimfiɗa wa kowace unguwa titinta zuwa kowane gari ba. Tun 2018 AWS ya kawo Transit Gateway, wato mahaɗa ɗaya ta tsakiya, don wannan, kowane VPC ya jona sau ɗaya, 12 su zama jona 12. Haɗin kai-tsaye kuma yana da iyaka, 50 ne ga kowane VPC tun asali, ana iya roƙo a ɗaga zuwa 125, daga nan babu gaba. Rubutun da ya sa ƙulla haɗi ya zama da sauƙi ƙwarai yana ɓoye wa mai shi cewa tsarinsa ya tsufa.

Hajiyar Sabon Gari: Baba, maganarku gaskiya ce ga manyan kamfanoni, amma Kwangilar nan da kuɗin shiga. A farashin yankin Birjiniya, kowace jona santi 5 ce a sa'a, wato wajen dala 36 a wata, jona 12 sun haura dala 430, ban da santi 2 a kan kowane gigabait da ya wuce. Haɗin kai-tsaye ba a biyan kuɗin ƙulla shi, kuma tun 2021 bayanin da bai fita daga shiyya ɗaya ta cikin yanki ba kyauta yake tafiya. Wanda yake karɓar naira yana biyan dala ya san bambancin. Yawancinmu a nan VPC huɗu ko biyar muke da su, ko a yankin Kef Tawun da aka buɗe a 2020 ko a Turai, kuma ba kowanne ne yake buƙatar ganin kowanne ba. Wannan ma wani gyara ne ga lissafin Injiniya: 66 adadin wanda ya haɗa komai da komai ne, wanda kuwa ya yi haka bai san dalilin da ya sa aka raba su tun farko ba.

Ɗalibin Tudun Wada: Ina neman afuwa, ina da tambaya daga abin da nake yi yanzu. Na bi shawarar Injiniya, na rubuta Terraform don haɗa asusuna da na abokina, amma buƙatar tana faɗuwa nan take, ko isa wurinsa ba ta yi.

Hajiyar Sabon Gari: Ƙanena, duba adireshin VPC ɗin biyu. Ina kyautata zaton dukkanku kuna amfani da wanda AWS yake bayarwa tun buɗe asusu, kuma wannan a kowane asusu 172.31.0.0/16 ne. Gidaje biyu masu lamba ɗaya ba sa haɗuwa, domin idan saƙo ya taso babu yadda za a san na wane gida ne, kuma babu rubutun da zai gyara wannan. Ba a kuma canza babban adireshin VPC bayan an ƙirƙire shi, sai dai a ƙara masa wani, ko a gina sabo a kwashe kaya. Injiniya, ga abin da na fi so a ba na'ura kafin komai, rabon adireshi, ko da IPAM, shirin AWS na wannan aiki, ko da kundi ɗaya da kowa yake komawa gare shi, don kada kowane sashe ya wayi gari ya ɗauki 10.0.0.0/16 saboda shi ya gani a darasin farko.

Injiniyan Samaru: A kan adireshi na miƙa wuya. Na kuma ƙara da abin da hannu ya fi mantawa, wato rushewa: kowane ɓangare yana iya goge haɗin shi kaɗai, hanyoyin da suke nuni gare shi kuma su zauna a tebur suna zubar da saƙo a rami, alhali rubutu yana share su tare. Amma ban janye ba a kan wuraren gwaji. Tsakanin gwaji da gwaji, a asusun da babu bayanan kowa, zan ci gaba da barin injin ya nema ya karɓa. Hajiya, ko nan ma kina da ja?

Hajiyar Sabon Gari: Ba ni da ja, da sharaɗin jerin asusun gwajin a rubuce yake, kuma ƙara suna a jerin sai da sa hannun mutum biyu. Ƙanena, kai kuma ka gina sabon VPC a 10.20.0.0/16, abokinka ya ɗauki 10.21.0.0/16, ka sake gudanar da rubutun, kada ka manta da hanyar dawowa a teburinsa.