Karayar arziki a kotun Amurka: tana share bashin karatu na banki?

Ɗan Zango: Salamu alaikum 'yan'uwa. Idan mutum a Amurka ya ayyana karayar arziki a kotu, bashin karatun da ya ci a banki ko kamfani irin Sallie Mae, ba na gwamnati ba, yana tafiya, wato kotu na share shi, tare da sauran basussuka?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Tun dokar 2005 ba ya tafiya da kansa, sashe na 523(a)(8) na dokar karayar arziki ya kare shi. Sai an shigar da ƙara ta daban a cikin shari'ar. Yawancin kotuna na bin ma'aunin shari'ar Brunner ta 1987: in ka biya ba za ka iya ciyar da kanka da iyalinka ba, halin zai daɗe, kuma ka yi ƙoƙarin biya da gaskiya. Sauƙin neman share bashin karatu da Ma'aikatar Shari'a ta fitar a Nuwamba 2022 na bashin gwamnati ne kawai.

Hajiya Binta: Malam, gaskiya ne, amma kafin a kai ga Brunner a fara duba takardar bashin, nan mutane ke asara. Ba kowane bashi mai sunan karatu doka ta kare ba. Idan kuɗin ya zarce abin da makaranta ta ƙiyasta na kuɗin karatu da zama, ko makarantar ba ta cikin masu karɓar tallafin tarayya, ko ɗalibin bai ɗauki rabin darussan zango ba, ko an ci shi don jarrabawar zama lauya bayan kammalawa, to zai iya tafiya kamar bashin katin banki. Kotunan ɗaukaka ƙara sun bi wannan a shari'o'in Crocker a 2019, McDaniel a 2020 da Homaidan a 2021. A nemo yarjejeniyar bashin da ƙiyasin makaranta na wannan shekarar, a kai wa lauya su biyun. Wasu kamfanoni kan ci gaba da neman kuɗin da kotu ta riga ta share, mutane na biya cikin rashin sani. Abin yana ci mini rai.

Ɗan Zango: Na gode Hajiya. To wanda ya tsaya wa ɗalibin fa?

Malam Sabo: Yana nan a ɗaure. A Babi na 7 na dokar, inda ake share bashi ba tare da shirin biya ba, ana iya bin sa nan take. Babi na 13, inda ake biya kaɗan-kaɗan bisa shirin da kotu ta amince da shi, na iya hana a taɓa shi tsawon shirin biya, shekara 3 zuwa 5, amma kuɗin ruwa na ci gaba da hawa. A kuma karanta yarjejeniyar, wasu na ba kamfani damar neman kuɗin gaba ɗaya da zarar ɗayansu ya je kotu.