Bambar bayan go-kart ta ƙi zama, in kai wa mai walda?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayo tsohuwar go-kart, wato 'yar ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, daga Legas, aka ɗoro mini ita a tirela har Katsina. Bambar bayan ta zo a cire, da dogayen kusoshi biyu, kowace da roba a jikinta kamar guntun tiyo. Na zura su cikin bakin fayif ɗin shasi, na yi ta ɗaurewa har sufana ta ci mini hannu, amma kusar sai juyawa take. Da na ja bambar sai ta zaro. Wani mai walda a wajen Ƙofar Marusa ya ce in kawo ya liƙe ta gaba ɗaya. In kai?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Don Allah kada wuta ta taɓa ta. Motar nan ba ta da shokazoba, kuma tayoyin baya a kan sanda ɗaya suke. Shasin ne ke lanƙwasawa ya ɗan ɗaga tayar baya ta ɓangaren ciki a kwana. Ka liƙe bayan ya sandare, kana murza sitiyari tana tafiya gaba abinta. Masu tsere har sassauta bambar suke yi da gangan saboda wannan.

Bakanike daga Daura: Ƙanena, robar ce matsalarka. Aikinta ta kumbura a cikin fayif in an ɗaure, ta cije shi. Auna fayif ɗin tukuna, yawanci milimita 28 ne, ko 30, ko 32, kowanne da girman robarsa. In daidai take, to ba ka fara matse ta a waje ba. Ka ɗaure ta a hannu har ta yi ciki, sai da ɗan bugu za ta shiga, sannan ka ƙarasa da sufana. Ka goge tsatsa da giris na cikin fayif ɗin.

Baban Yara: Ni dai tambayata, a ina za ka tuƙa ta? Ba dai Ring Road ba, cikin masu Napep?

Mai tambaya: A'a Baba, fili muka samu a bayan gari.

Injiniya: Na manta, ka lura da tazara. A dokar CIK-FIA, hukumar tseren go-kart ta duniya, tsakanin bamba da taya kada ya gaza milimita 15, kada ya wuce 50, kuma kada ta fi tayoyin faɗi. Amfaninta kenan, ta hana tayar wanda ke bayanka hawa taka, don nan ne mota ke tashi sama.

Mai tambaya: Oga na Daura, Allah ya saka da alheri. Na auna, fayif 32 ne, robar kuwa ta 30 aka haɗo ni da ita, ɗayar ma ta tsage kamar faso. Na aika Legas a nemo. Kafin ta iso, in naɗa mata tsohon tif ɗin babur in ɗana?

Bakanike daga Daura: Naɗa ka tura ta a tsakar gida. Amma kada ka tayar da inji.