An yi min fostin Maiduguri, yarana suna Kaduna wajen uwarsu, ya zan yi?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema don Allah. Ni soja ne, mun rabu da matata bara, yaranmu biyu namiji ɗan shekara 9 da ƙanwarsa 'yar 5, suna hannunta a gidan mahaifinta nan Kaduna. Da ina barikin cikin gari ba matsala, duk Juma'ar da na samu sarari ina zuwa in ɗauke su mu je aski da babban, in saya musu tsire in mayar da su kafin magariba. To yanzu sigina ta fito an tura ni Maiduguri ƙarƙashin Operation Haɗin Kai, aikin yaƙi da Boko Haram, kuma duk wanda ya san aikin nan ya san ba kai ke da ta cewa kan ranar dawowa ba. Yayata tace in karɓe namijin in kai shi wajen Hajiyarmu a Zariya, uwar kuma tace sai dai alƙali ya raba su. Ni wlh ba rigima nake so ba, tsorona kar yaran nan su manta ni.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Kar ka bi shawarar yayarka. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ko da ta auri wani, kakarsu ta wajen uwa ce a gaba kafin a zo kan Hajiyarku. Eh akwai maganar cewa in uba zai tashi gaba ɗaya ya koma gari mai nisa yana iya tafiya da ɗansa, amma sai in ƙaura ce ta zama kuma akwai aminci a hanya da garin. Fostin ba ƙaurar zama ba ne, balle ma ba tare da kai yaron zai zauna ba. Ci da sha da sutura da magani da kuɗin makaranta kuma suna kanka ko kana ina.

Maman Ilham:
Ɗan'uwa ni tsohuwar matar soja ce, bari in faɗa maka abin da ke ci mana rai, ba nisan ba ne, rashin tabbas ne. Yau a turo kuɗi gobe shiru wata biyu, ka kira a ce ba netwok, yaro ya yi ta zaryar leƙa waya da daddare yana tambayar yaushe Abba zai kira, ni kuma ban da amsar ba shi. Kafin ka tafi ku zauna da mahaifinta da wani babba naka ku rubuta komai, nawa duk wata, wa zai biya makaranta, hutun da za su yi Zariya. Ka sa banki su riƙa tura mata kai tsaye in albashi ya shigo, kar ka bi ta hannun dangi don nan ake samun ƙananan maganganu. In ka samu netwok ka yi musu saƙon murya a WhatsApp ko na minti ɗaya ne, 'yata har haddace na babanta take yi.

Tsohon Saje:
Ƙanena ka je ka duba fom ɗinka na magaji a ofis kafin ka tashi, da yawa sai an rasa su ake ganin sunan da ke kai tun na zamanin Depot ne, wajen horar da sabbin sojoji, yara su sha wahala. Sannan kar ka yi musu alkawarin sallah, fas, wato izinin zuwa gida, ba a hannunka yake ba. In an ba ka kai za ka zo, kar ka ce a kawo maka su, tafiya ce ta yini guda ta Kano, Potiskum, Damaturu, kuma hanyar ba ta bin dare ba ce.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na kira baffana yanzu, jibi bayan la'asar za mu je gidan mahaifinta. Maman Ilham don Allah ku a takardar taku kun sa maganar asibiti in yaro ya kwanta ba a same ni a waya ba, ko ya kuka yi?