WhatsApp zai daina aiki a Lumia ƙarshen Disamba 2019: in riƙe ta ko in sallama?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Lumia 640 XL ce a hannuna, wayar Windows ta Microsoft, mai layi biyu, tun fitowarta a 2015. Yanzu ga sanarwa cewa daga 31 ga Disamba 2019 WhatsApp zai daina aiki a kan duk wayar Windows, kuma Microsoft ma tun watan Yunin 2019 suka daina turo wa 640 XL gyara. Yarana dariya suke min, wai na riƙe kayan tarihi. To amma ku ji dalilina. Batirinta ciro shi ake yi, idan ya gaji in sayi wani in sa. Kyamararta mai gilashin Zeiss ce, da ita nake ɗaukar rasit da takardun shago, rubutu ya fito tar. Word da Excel suna ciki tun daga kamfani, lissafin bashin kwastomomina duk a nan yake. Ba ta cika min fuska da talla, ba ta daskarewa duk da ƙwaƙwalwarta giga 1 ce kacal. Manhajar bankina ta daɗe da mutuwa a kanta, na koma danna lambobi, na saba. Rashin Snapchat kuwa ko a jikina. WhatsApp ɗin ne matsala, don a nan masu sari suke turo min hoton kaya. Akwai dabarar da za a yi?

Injiniya Farm Centre: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ɗaya ce: babu dabara. Daga can kamfanin za su rufe, ba abin da mai gyara zai taɓa ba ne. Kafin ranar ka shiga duk hirar da ke da muhimmanci, musamman ta kuɗi, ka tura wa kanka ta imel, don ba za su bi ka zuwa Android ba. Sannan ka sani kayan gyaranta sun yi wuya a kasuwa. In gilashin ya fashe sai dai a cire daga wata matacciya.

Ummu Khairat: Baba, ni na sha irin wannan da BlackBerry. WhatsApp ya bar mu ƙarshen 2017, BBM ma, manhajar hira ta BlackBerry, aka rufe a Mayun 2019. Na yi ta taurin kai saboda madannanta, har dangi suka riƙa shirya biki a guruf ban sani ba. Mutanenka fa su ne wayar.

Ɗan Lumia: Allah ya saka maka Alhaji, ashe ba ni kaɗai na rage ba. Ni Lumia 1020 nake riƙe da ita, mai kyamara megafiksel 41, kuma ka nuna min wayar da ta kai ta a 2013. Abin da ke ba ni haushi, mutane suna cewa wayar ce ba ta da kyau. Ina! Masu manhaja suka ce sai jama'a sun yi yawa za su zo, jama'a kuma suka ce sai manhaja ta zo za su saya. Microsoft da kansu suka ƙera manhajar YouTube a 2013, Google ta toshe ta. Instagram ma da manhajar 6tag muka daɗe muna shiga, wadda wani ɗan Faransa ya rubuta shi kaɗai. Tun da Microsoft suka saye sashen wayoyin Nokia a 2014 abin yake ta ja da baya, zuwa 2017 suka fito fili suka ce ba sabuwar waya.

Abin da na yi: na sayi ƙaramar Android mai araha don WhatsApp da banki kawai, ina jefa ta a aljihun wando. Kira, saƙo, hoto da rediyo duk suna kan Lumia.

Injiniya Farm Centre: Hakan ya yi. Sai dai kada ka riƙa buɗe banki ta burauzar Lumia tunda an daina gyara mata tsaro. Danna lambobin nan ya fi maka kwanciyar hankali.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai. Ummu Khairat, maganarki ta shige ni, amma ba zan sayar ba, nawa ma za a saya? Waya biyu zan riƙe. Injiniya, in kana da batirin 640 XL na asali ka ajiye min guda biyu, ranar Asabar zan shigo Kano.